Dutsen da Ke Cikin Ruwa

A garinmu Tekit ba mu da kogi.
Ruwanmu a ƙarƙashin ƙasa yake tafiya,
cikin kogwannin farin dutse, cikin duhu,
sai ka zura guga ka tarar da shi a rijiya.

Kakata Remedios ba ta yarda
farar rigarta mai aikin furanni ta taɓa shi ba.
Ruwan sama take tarawa a ganga.
Ta ce, “Wannan mai kyauta ne.
Na rijiya marowaci ne,
ki goga sabulu har hannu ya mutu, kumfa ba ta zuwa,
sai wata dauɗa ta taso fari-fari
kamar madarar da ta tsinke.”

Na ɗauka camfin tsofaffi ne.

Ran Talata Malam Canché ya shigo aji
da kwalba biyu da tsohuwar butar shayi.
Ya ɗiga sabulu, ya girgiza.
Ɗaya ta yi kumfa har wuya,
ɗaya ta yi dishi-dishi, ta ƙi motsi.

Ya ce, “Ruwan sama kan hanyarsa ta sauka
yakan haɗiyi iskar kabon, ya yi ɗan tsami
wanda harshe ba ya ji, amma dutse yana ji.
Ya lasa, ya lasa, shekara dubu yana lasa,
kalsiyam ya narke ya bi shi,
magniziyam ya biyo sahu.
Ba ku ganinsu, kamar gishiri a miya.
Su ke kama sabulu su riƙe,
sai sun ƙoshi, ragowar ta zama kumfa.”

Ya karkato butar muka leƙa:
ɓawo fari, kauri kamar na ƙwai uku.
“Sukari yana son zafi, ya narke da sauri.
Wannan kuwa, da ruwa ya tafasa iskar ta gudu,
sai dutse ya tuna shi dutse ne, ya zauna.
Amma in salfet ne abokin tafiyarsa,
ku ƙare itacen dawa, ba ya sauka,
sai sodar wanki ta shiga tsakani.”

Da yamma na matse lemun tsami huɗu
a tukunyar kofin kaka.
Ta yi shuu, ta yi tartsatsi,
ɓawon shekaru ya saki ƙarfe.
Na tsaya ina jiran yabo.
Kaka ta leƙa, ta taɓe baki:
“Har sai da aka biya kuɗin makaranta?
Kuma lemun nan na miyar gobe ne.”

Ran Lahadi muka sauka kogo yin iyo.
Na kwanta rigingine a kan ruwa.
Daga rufi wani haƙorin dutse na ɗiga,
ɗigo, sai shiru, sai ɗigo,
kowanne yana barin ɗan abin da ya ɗauko.
Ɗaya ya faɗo mini a goshi.
Ban goge ba.