Masu Shuka Ruwa

A ƙauyenmu, can ƙololuwar tsaunukan Peru,
inda iska ke yi wa baƙo rowar numfashi,
ni ke riƙe da littafin gayya.
Sunana Nemesio. Nakan kira suna
tun rana ba ta leƙo ba,
in ɗiga tawada gaban wanda ya amsa,
in bar fili gaban wanda ya noƙe.

Yau ranar yashe tsohuwar magudana ce,
wadda kakannin kakanni suka sassaƙa a kwiɓin dutse.
Ba gonar kowa take zuwa ba.
Takan ɗebo rafi lokacin da sama ke ɓarin ruwa,
ta lallaɓa shi ta gefen tsauni
har inda dutse ya tsage,
ya nutse.
Shi ke nan. Ya nutse, mu juya gida.

Shuka ruwa muke ce wa wannan.
Abin da muka binne a Fabrairu
sai Agusta yake tsirowa,
can ƙasa, a marmaron da ba namu ba,
lokacin da ciyawa ta koma kalar toka
kuma maƙogwaron kwari ya bushe.
An ce alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza.
Namu da gangan muke zuba shi ƙasa.

Shekara uku gaban sunan Saturnino fari fat.
Jiya na same shi yana tonon dankali.
Ya ce, “Gonata tana sama da marmaro,
ko ɗigo ba ya hawowa wurina.
In karya bayana don mutanen kwari,
waɗanda suka maka mu kotu kan makiyaya?
Don masu wanke mota a Lima?”
Na buɗe baki, na rufe.
Lissafinsa babu kuskure.

Tsohuwa Eufrasia ce ta ji mu ta bayan shinge,
ganyen koka cunkushe a kumatunta.
Ta nuna tsauni da haɓa:
“Ina yarinya, ƙanƙarar can
har bakin wancan baƙin dutsen take saukowa.
Dube ta yau, kamar hular da ta yi wa kai kaɗan.
Wa ya cinye ta?
Hayaƙin mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba.
In ɓarna tana iya tafiya mai nisa haka
ba takarda, ba sallama,
me ya ɗaure ƙafar gyara?”

Bai tanka ba. Ya ci gaba da tono.

Da asuba na kira suna arba'in da ɗaya.
Na kira nasa sau biyu, don al'ada.
Shiru, sai atishawar wata lama.
Zan rufe littafi ke nan
na hango shebur tana tahowa cikin hazo,
ƙotarta ta fi mai ɗauke da ita tsawo.
Hilaria ce, autarsa, shekara goma sha ɗaya.
Ban tambaye ta ko aiko ta aka yi ba.
Alƙalamina ya tsaya a iska:
in ɗiga wa uba, ko in bar masa filinsa?
Na sauka ƙasan shafi, na buɗe sabon layi.

Muka kwashe laka har yatsu suka daina ji,
muka mayar da duwatsun da suka zame,
muka toshe ɓaraka da yumɓu da ciyawa.
Da la'asar aka janye dutsen bakin rafi.
Ruwa ya shigo yana shinshina hanya
kamar makahon da ya tuna gidansu,
mu kuma muna biye, ba mai magana.

A bakin tsagar yarinyar ta durƙusa,
ta kara kunne a ƙasa.
Ta ce, “Ina jin sa. Yana tafiya.”
Eufrasia ta ce, “Bar shi, ya san hanya.”

Wata shida nan gaba, wata mata a kwari
za ta cika tukunya, ta ɗora a wuta.
Ba za ta san Hilaria ba.
Tawadar ma ba ta gama bushewa ba
na rufe littafin, don yayyafi ya soma.