Ɗaki Mai Gado Ɗaya

Ƙarfe uku na yamma a Tromsø, duhu kamar tsakar dare.
Gunvor ta tuɓe safar hannu, ta hura yatsu,
ta buɗe kwamfuta bisa akwatin kifi.
Ma'aunin ɗakin sanyi na ta rantsuwa
wai zafi ya kai dubu tara,
alhali kifin ya daskare, ko gatari sai ya yi shawara.

Eilif ya leƙo, ƙanƙara a gemu:
"Na'urar taki ta sha ta bugu ne?"
Ko kallonsa ba ta yi ba.

Bara ta gina gidan nan da yaren Si:
ɗakin lamba, ɗakin lokaci, kowa da ƙofarsa.
Can ƙurya sai ta bar ɗakin haɗaka,
gado ɗaya, 'yan haya biyu,
in wannan ya kwanta, wancan ya tashi.
Na fari gajere ne, baiti guda ya ishe shi.
Na biyu dogo, sai ya miƙe ƙafa har baiti huɗu.

Ranar tarewa ta ajiye sifili tsakanin baka biyu,
ta ce an share, ta tafi shan kofi.
Ashe in ba ka ambaci suna ba,
na fari kaɗai ke amsa kira.
Tsintsiya ta yi taku ɗaya ta tsaya.
Baiti uku na nan da tarkacen wanda ya riga kwana,
dogo kuwa ya zo ya kwanta a kai,
ya tashi yana sambatu.

Tsohon tafinta yakan share sauran don kara,
ba don an rubuta masa ba.
Makon jiya aka kawo sabo,
mai bin takarda, ba sani ba sabo.
Shekara cur alherin wani na rufa mata asiri
tana ce masa gwaninta.

Ta goge layin.
Ɗigo, sunan ɗaki, baka.
Ɗigo, sunan dogo, sifili.
Ta kira shi da sunansa, ya amsa har tafin ƙafa.

Ma'auni ya ƙifta, ya dawo hayyacinsa:
ashirin ƙasa da sifili.
Eilif ya ajiye mata kofi, ya koma wajen ƙugiyoyinsa.

Ba ta taɓa kofin ba.
Ta sa a nemo mata duk inda ta taɓa barin sifili tsakanin baka biyu.
Wuri goma sha ɗaya.
A tasha wani jirgi ya yi kuka,
ta ja kujera kusa.