Zabo

A rumfar Barau mai gyaran rediyo, Kasuwar Barci,
aka ƙara murya: wane ya rasu a Amurka,
mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro,
ya yi aiki da shugabanni huɗu,
ya bar mata da 'ya'ya da littafi mai kauri.
Na ajiye kofin shayi.
Na ce, ai Zabo ne.

Ladidi ce ta raɗa masa, Allah ya jiƙanta,
don ɗigo-ɗigon da ke fuskarsa.
Yaro ne a lokacin, wuya kamar na balbela,
a wani ƙaramin ofis a Unguwar Rimi.
Talata da Alhamis nake taka keke daga Tudun Wada
in koya masa Hausa, naira biyu awa guda.

Ƙ ce ta gagare shi.
In ce ƙasa, ya ce kasa.
In ce ƙarya, ya ce karya.
Na ce, ɗana, ka kula,
ƙasa ita ake takawa, a kwanta cikinta,
kasawa kuwa ta tumatir ce a bakin hanya.
Ya yi dariya har kunnensa ya yi ja.

Wata rana a bakin kogi, ƙasan gada,
ya tambaye ni sunan mutumin da ba shi ne sarki ba
amma ba a yanke magana sai an waiwaye shi.
Na ce bafade.
Na ƙara masa da abin da kakata ke faɗa:
ba a mugun sarki sai mugun bafade.
Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙasa.

Shekara biyu, ya tafi.
Daga nan sai a jarida,
kullum a gefen hoto, rabin fuska
bayan kafaɗar wani babba.
A yi zaɓe, waɗannan su fita da akwatunansu,
waɗancan su shigo da nasu,
sarki goma zamani goma,
shi yana nan.
Kamar kadan da muka taɓa gani a Kabala,
ruwa ya cika, ruwa ya janye,
ido biyu kawai a sama.

Sau ɗaya ya aiko kati, da tambarin mikiya:
Malam, ina gaisuwa. Ban manta ƙ ba.
Ladidi ta soke shi a jikin madubi
har ƙudaje suka gama da shi.

Sai daren da wuta ta sauka a wani birni
da ban iya faɗin sunansa ba.
Rediyo ta ce da shawararsa.
Ta ce an kasa ƙasar kashi uku a kan tebur,
ta ce dalilin da aka bayar, daga baya,
ba a same shi ba.
Ladidi ta tsaya da muciya a hannu:
yaron da ya ci tuwona ya suɗe yatsa?
Ban ba ta amsa ba.
Na yi ta juya kalmomin nan biyu a baki har asuba,
wadda ke da ƙugiya da wadda ba ta da ita.

Yanzu Barau na tambaya, da kwano a haƙora,
Malam Tanimu, mutumin kirki ne?

Bai taɓa jinkirta kuɗina ba.
Yana cire takalmi tun daga zaure.
Ranar da Sa'a ta yi zazzaɓi shi ya kai mu asibiti.
Iyakar abin da na gani ke nan.
Waɗanda ke birnin can sun ga wani abu daban,
kuma ba a tambaye su ba.

Littafin darasinsa na nan a adakata.
Shafi na sha tara, jan birona ya zagaye kalma ɗaya,
na rubuta a gefe: sake gwadawa.