Rabin Fasta

Dubu arba'in na buga
a shagona na Ƙofar Marusa,
kwana tara janareta bai huce ba.
Fuska biyu a kowace takarda:
mai neman kujerar ƙasa a dama,
Dakta Abashe namu a hagu,
hularsa a ɗan karkace
yadda yake sa ta tun yana riƙe da alli.

Ran Talata, bayan la'asar,
ina ƙirga ɗaurin ƙarshe
rediyon mai shayi ya yi gyaran murya ya ce
an yi gyara.
Gyara!
Sai ka ce riga ce ta yi yawa aka mayar wa tela.
Wai an ɗora jihohi a sikeli,
wata ta rinjaye mu.

Na kira Isiya da ya kawo aikin,
wanda ya ba ni kashi ɗaya cikin uku
ya dafa ƙirji a kan saura.
Waya a kashe.
Washegari na hango shi a bayan wata mota
da sabuwar hula,
ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda.
Wanda ya sayi rariya, in ji mutane.
Na sani. Na dai saya.

Mai takarda na Kano bai san gyara ba.
Ya san rim, ya san ranar biya.

Sai na sayo almakashi uku.
Ni da Mati da ɗan ƙanena Sada
muka zauna raba mutum da mutum.
Ashe ranar ɗaukar hoto an ce su matso,
babban ya dafa kafaɗar Dakta;
duk inda almakashi ya bi
sai yatsu huɗu su rage a kafaɗar,
ba hannu, ba mai hannu.

Rabin dama jam'iyya ta karɓa a wulaƙance.
Rabin hagu na auna da kilo.

Yanzu Dakta ke naɗe tsire a Ƙofar Soro,
mai na ratsa goshinsa, yaji a gemu.
Shekaranjiya Tasalla ta zuba mini ƙosai
a tsakiyar murmushinsa,
ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "Shi fa ya biya wa Hajjo aikin ido."
Ta juye ƙosan a leda,
ta shafe man da gefen mayafi,
ta sa shi ƙarƙashin faifai.

Matan ƙungiya masu atamfar fuska biyu
a baibai suke ɗaura ta.
Samarin da suka rubuta sunansa a katangar asibiti,
wasu sun sayo farar ƙasa,
wasu sun sayo gora.
A layinmu akwai wa da ƙane
da suka daina sa hannu a kwano ɗaya,
uwarsu na raba tuwo biyu tana Allah ya isa,
ba ta ce ga wanda take wa ba.

Ran Juma'a na bi ta ƙofar gidansa.
Tabarmin da ba sa isar jama'a an naɗe su,
tunkiya na tuƙa inda motar jiniya ke tsayawa.
Ya fito da buta, shi kaɗai.
Na gaishe shi, ya amsa da sunana.
Maganar bashin da na taho da ita
ta tsaya mini a maƙoshi.
Ya ce, "Ka buga da kyau, Barmo. Na gani."
Ban tambaye shi a ina ya gani ba.

Yau wayar Isiya ta farfaɗo.
Dubu sittin ake so kafin babban taro,
da sabon mutum a hagu,
sai da ya maimaita mini sunan sau uku.
Na ce kuɗi hannu, cif, kafin in tada janareta.
Na ce kuma a gaya wa mai hoto
kada kowa ya dafa kowa,
ya bar 'yar tazara a tsakaninsu,
ko da faɗin bakin almakashi ce.