Mai Gyaran Injin Ban-Ruwa

Shekara goma sha bakwai ina kwance injinan ban-ruwa
a gefen kasuwar Aliero, ƙarƙashin rumfar kwano uku.
Kafin manomi ya sauke shi daga babur
na san ciwonsa daga irin tarinsa.

Wani yakan zo da zafi kamar garwashi,
an tashe shi da asuba, ba a kashe ba sai lisha,
kadada huɗu ta albasa a wuyansa, ga gonar maƙwabci.
Nakan ce a juye baƙin mai, a ba shi inuwa.
Na san wannan a jikina.
Ranin bara waccan hannuna ya ƙi riƙe sufana,
sallamar mai kawo aiki ta zame mini zagi.
Na rufe rumfa, na tafi Jega gidan ƙanena,
na yi barcin kwana uku,
na dawo ina fito.

Wani kuwa zama ne ya ci shi.
Ya yi damina a bayan rumbu,
zanzaro ya gina ɗaki a bututunsa.
Ka ja igiya sau biyar, ya yi atishawa, ya kama.
Haka nake in ruwan sama ya karɓe mini ciniki:
hamma, dara, ƙirga motocin da ke wucewa.
Amma a kawo tsire, ko rediyon da ya lalace,
yanzu ka ga na wartsake.

Abin da ya same ni bana ba ɗan gidansu ba ne.
Na huta, hutun ya hau ƙirjina ya zauna.
Aka kawo tsire, na tauna kamar tsumma.
Kulu ta rugo da haƙorinta na fari a tafin hannu,
na dube ta kamar daga hayin gulbi.
Kiran assalatu ya riƙa iske ni ido biyu
ina biyan bashin laifin da ban ci ba.
Aka ce lalaci, aka ce sammu,
aka ce gode Allah, kana da sana'a.
Na gode. Wallahi na gode.
Godiyar ma sai da na yi nishi na ɗaga ta.

Sai ga Arzika, tsohon da ke noma bakin fadama:
"Shina ƙara, amma ba shi kawo ruwa."
Na kwance shi kaf, fulogi lafiya, roba lafiya.
Ya ja ni gonar, muka zura igiya a rijiyar,
ta fito busasshiya har kamu tara.
Ruwan ne ya gudu ƙasa da bakin tiyo.
"Ashe ba laihin inji ba na," in ji shi,
ba rijiyar yake kallo ba.

Shi ya goya ni asibiti, ina ta gardama da ƙeyarsa.
Likita ba ta tambayi zazzaɓi ba.
Ta ce mako nawa? Me ya daina yi maka daɗi?
Na ce sha ɗaya. Na ce komai.
Ta ce ciwon damuwa ne, yana da suna, yana da magani,
ka dawo Alhamis mu yi magana.

Kowane yaron gareji ya san wannan, ni na manta:
inji ba ya jawo ruwa da busasshen maƙogwaro,
sai ka fara ɗura masa moɗa guda.
Ba na jiran kuzari ya zo ya tashe ni.
Ina wanke fulogi ɗaya. Ɗaya tak.
Ina takawa fadama kafin rana ta yi kaifi,
wata ran in kai, wata ran in tsaya a kwalbati.

Ban ce na warke ba, akwai safiyoyi masu duwatsu.
Amma jiya ana loda buhuna a tasha,
warin albasa ya soke ni har hawaye,
na tsaya, na ƙara shaƙa,
na tambayi Kulu ko sabon haƙorin ya fito.