Kwana Uku a Tsibirin Rema

Shekara ashirin da shida ina kan injin niƙa
a unguwar Yelwa ta Garwa:
masara da safe, dawa da hantsi,
gyaɗa in la'asar ta yi sanyi.
Ko na kashe shi, ba ya mutuwa a kunnena.
Maiɗakina sai ta kira ni sau uku,
na ukun da jifan ludayi.

Asta ce, 'yata mai aikin jinya,
ta ɗaura mini abin awo a dantse,
ta dubi lamba, ta haɗe gira.
"Baba, Lagdo za ka. Kwana uku. Na riga na biya."
Na ce wa ke kai kuɗinsa kallon ruwa?
Ruwa ai na alwala ne da jiƙa gero.
Ta ce, "To, je ka yi doguwar alwala."

Hamajoda mai jirgi ba ya son magana.
Da muka yi nisa ya kashe inji, don mai ya yi tsada,
ya ɗauki filafili.
Can ya nuna ƙasa da haɓa:
"Gonar ubana na nan ƙarƙashinmu,
da tsamiya biyu, da kabarin kakata.
Karfasa ke noma ta yanzu."
Bai ƙara ba har muka taɓa gaɓa.

Tsibirin duwatsu ne a kan duwatsu,
kamar buhunan da ɗan dako ya jibge
ya tafi shan shayi bai dawo ba.
Rema sun jeru a kai suna shan rana,
dattawan majalisa marasa gardama.
Ɗaya ya dube ni, ya ga ban zo da komai ba,
ya juya mini ƙeya.

Daren farko ban runtsa ba.
Shiru ya yi mini yawa, kamar rigar aro.
Injin kunnena na ta juyawa shi kaɗai,
ba hatsi, ba mai jiran gari.

Dare na biyu dorina ta yi gurnani a bayan duwatsu,
irin tarin inji in ya ƙi tashi.
Na zabura ina lalubar sifana a cikin duhu.
Hamajoda ya yi dariya har ya ƙware,
wannan ce doguwar hirarmu.

Da asubar kwana na uku,
ina tsugune a bakin ruwa, hannuna a jiƙe,
sai wani abu ya tsaya.
Na daɗe ban gane mene ne ba.

Na ji zalɓe ya zare ƙafa daga laka.
Na ji farcen ƙadangare a kan dutse.
Na ji ruwa na ɗiga daga gemuna,
ɗaya,
ɗaya,
kowane da nasa suna.
Daga can nesa, wani zangon masunta da ban gani ba,
iska ta kawo lugude.
Taɓarya biyu, turmi ɗaya,
da tafin da ake yi in an cilla ta sama.

Haka Inna ke daka da ƙanwarta,
ni ina kwance a gindin turmi ina jiran tsaki.
Ni ne na kawo injin farko layinmu.
Mata suka sa mini albarka,
turame suka koma kujerun zama.
Ban taɓa tambayar inda sautin ya tafi ba.
Ashe nan ya ƙaura,
shi da gonar uban Hamajoda.

Ban kawo tsaraba ba sai banda ƙulli biyu
da ƙaiƙayin cizon sauro.
Gobe zan tayar da inji, bakin gida bakwai ne.
Amma jiya da dare, daga madafa,
ta ce, "Malam," a hankali, sau ɗaya.
Na ce, "Na'am."

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa
da ludayin a hannu,
ta rasa abin da za ta yi da shi.