Mai Sunan

Farar rigar ta zo mini daidai,
ni ce ban kai ta ba tukuna.
Watan farko, in aka ce "Nas!"
sai in waiga, ina neman mai sunan.

Daga Agege nake hawan danfo
tun ladan bai gyara murya ba,
takardar shaidata a jaka kamar laya,
amma jijiya ba ta karanta takarda.
Sau uku na soki hannun Baba Akanni,
sau uku allura ta dawo da kunya.
Sista Morenike ba ta yi faɗa ba,
yatsana ta kama ta ɗora:
"Huta da ido. Saurara da fata."

Daren Laraba aka ɗauke wuta,
ruwa na dukan kwano, janareto ya yi gardama.
Gado na tara, direban tirela daga Apapa,
numfashinsa ya sauya taku,
irin sauyin da ban gani a littafi ba.
Likita na sama, Sista na ɗakin haihuwa.
Na ciji fitilar wayata da haƙora,
na ɗaga kansa, na murɗa tukunyar iska,
na sami jijiya a duhu, karo ɗaya.

Da asuba ya buɗe ido:
"Yarinya, ke 'yar ina ce?"
Na buɗe baki zan ce Gumel,
sai gado na biyu ya kira, "Nas!"

Ban waiga ba.
Na ce, "Ga ni nan zuwa."